Babu jadawali, ko dai ban samu ba?

Duk wanda ya taɓa koyarwa a sakandare ya san makon farko na zangon karatu ba na karatu ba ne, na rigimar jadawali ne. A makarantarmu aji 12 gare mu da malamai 23. Daga Litinin zuwa Alhamis darasi 8 ake yi, ranar Juma'a kuwa 5, don a tashi da wuri a shirya wa masallaci. Kowane aji ke nan yana da darasi 37 a mako, idan ka haɗa duka gurbi 444 ne za a cike. Shekara da shekaru Hajiya, mataimakiyar shugaban makaranta, ita ke wannan aiki da fensir da magogi a kan farin kwali. Takan kwashe kwana huɗu ko biyar a kai, kuma duk da haka ranar da aka manna shi a ofishin malamai sai an sami wanda aka tura aji biyu a lokaci guda.

Ni malamin lissafi ne, na kuma ɗan iya Python, wani yaren ba kwamfuta umarni. A wani dogon hutu na ci karo da OR-Tools na kamfanin Google, wanda a cikinsa akwai injin da ake kira CP-SAT. Aikinsa shi ne ka jera masa abubuwan da ba ka sani ba, ka jera masa sharuɗɗan da dole su cika, shi kuma ya nemo maka amsa. Ba ka gaya masa ta inda zai bi, abin da kake so kawai kake faɗa. Na rubuta ɗan ƙaramin laburare a kansa, wato tarin umarnin kwamfuta da wani zai ɗauka ya yi aiki da shi, layi wajen 600, yadda Hajiya za ta cike sunayen malamai da darussa a Excel, ta danna abu ɗaya, jadawali ya fito. Ranar da ya fara fitowa ba karo ko ɗaya, har na ji kamar in yi wa kaina kirari.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Rubuta lambobin, wato umarnin kwamfutar, ya ci mini mako uku. Rubuta takardar da za ta sa wani ya iya aiki da su ba tare da ya kira ni ba, yau zango na uku ke nan ban gama ba.

Bari in fara da abin kunyar da na yi, don shi ya buɗe mini ido. Idan CP-SAT ya gama aiki, ɗaya daga amsoshi biyar yake bayarwa: OPTIMAL, FEASIBLE, INFEASIBLE, MODEL_INVALID ko UNKNOWN. Ni da gaggawata sai na raba su gida biyu. Biyun farko na sa a buga jadawali, sauran ukun na sa allo ya nuna "Babu jadawali". Na kuma ƙayyade masa daƙiƙa 60, saboda tsohuwar kwamfutar ofis ba ta riƙe caji idan an ɗauke wuta. Wata Talata Hajiya ta ƙara wasu sharuɗɗa, ta danna, ta jira, allo ya ce babu jadawali. Ta ɗauka abin da ta ƙara ne ya rufe hanya. Ta tashi takanas ta je ta sami wani dattijon malami da ya roƙi a bar masa safiyar Laraba saboda asibiti, ta ba shi haƙuri, ta ce na'ura ta ce ba zai yiwu ba. Bawan Allah ya haƙura. Da daddare na duba, sai na ga UNKNOWN injin ya ce. Wato lokaci ne ya ƙare masa, bai ce ba zai yiwu ba. Na ƙara masa lokaci zuwa minti biyar, kafin shayina ya huce ga jadawali, safiyar Larabar dattijo a sake.

Washegari da na yi mata bayani, kallona ta yi ta saman tabarau ta ce, "To Malam, wanda ya ce babu, da wanda ya ce na duba ban gani ba, ai ba ɗaya ba ne. Ko yaro ka aika kanti ka san bambancin." Na ce, "Haka ne, ranki ya daɗe." Ba ni da ta cewa. Laifin ba na injin ba ne, ya faɗi gaskiyarsa da kalma biyu daban. Ni ne na dunƙule su.

Daga ranar na gane irin wannan laburare ya sha bamban da sauran. Wanda ke zana hoto ko aika saƙo, idan ka yi kuskure kana gani da idonka. A nan kuwa mai amfani ba ya ganin komai na abin da ke gudana a ciki. Magana yake yi, a mayar masa da magana. Idan kalmar da ya karanta a jagora tana nufin wani abu a kansa, tana kuma nufin wani abu daban a cikin injin, ba ƙararrawar da za ta kaɗa. Jadawali zai fito tsaf, ko ya ƙi fitowa, shi kuma ya gina hukunci a kai. Don haka shafin farko da na sake rubutawa ba na yadda ake girka manhajar ba ne, na amsoshin nan biyar ne, kowace da jimlarta. Ga huɗu daga ciki. INFEASIBLE ya zama "An tabbatar sharuɗɗan nan ba za su haɗu ba, ko shekara za a jira". UNKNOWN ya zama "Lokaci ya ƙare ban samu ba, ban kuma tabbatar babu ba". FEASIBLE, "An samu, amma wataƙila akwai wanda ya fi shi". OPTIMAL, "An samu, an kuma tabbatar ba wanda ya fi shi bisa makin da kika bayar". Makin kuwa shi ne wanda ake ba kowane abin da aka fi so a jadawali. Wannan ƙarshen jimla na daɗe ina juya ta, domin da na bar ta a "mafi kyau" kawai, sai a ɗauka injin ya san abin da ke da kyau ga makaranta. Bai sani ba. Lambobin da aka ba shi yake tarawa.

Sai kuma kalmar farko da kowace jagorar Turanci ke buɗewa da ita, wato "variable", wadda a ajin lissafi muke alamtawa da x ko y. Ƙanina da ke karatun kwamfuta a Zariya ya ce in fassara ta da "mai canzawa". Na ƙi, kuma ina da dalili. A Python na yau da kullum abin da ake kira da wannan suna akwati ne da ka san abin da ke ciki, yau ka sa 3 gobe ka sa 7. A cikin injin sharuɗɗa kuwa ba ka san abin da ke ciki ba sai an gama, kuma ba canzawa yake yi ba, jira yake a yanke masa hukunci. Suna ɗaya, halitta biyu. Shi kansa ƙanin nawa a nan ya fara tuntuɓe: ya ƙirƙiri ɗaya da NewIntVar, ya sa shi a cikin if, wato "idan" na Python, yana tambayar ko ya yi daidai da 3, Python ya watso masa kuskure. Tambayar ba ta da amsa tukuna. Kalmar da na tsaya a kai ita ce "gurbi". Duk malamin da ya taɓa saita jarrabawa ya san tambayar cike gurbi, ya san gurbi fanko ne, ya san akwai jerin abubuwan da aka yarda su shiga. Wannan jerin na kira shi "zaɓi". Hajiya ba ta tambaye ni ma'anar ko ɗaya ba, abin da ya tabbatar mini sun zauna.

Babbar kalmar, "constraint", wadda fannin duka ke amsa sunanta, na gwada mata "takura", na gwada "tarnaƙi", har "ƙa'ida". Takura tana ɗauke da ƙorafi, tarnaƙi na jaki ne, ƙa'ida kuma ta yi faɗi. "Sharaɗi" ce ta ci, kuma ta zo da wata garaɓasa da ban yi tsammani ba. A CP-SAT akwai OnlyEnforceIf, wanda ke cewa idan abu kaza ya tabbata, to sharaɗi kaza ya hau. Sababbin shiga da yawa sukan ɗauka hanyar biyu ce, wato idan sharaɗin ya cika to abin ma ya tabbata. Ba haka ba ne, gefe ɗaya take tafiya, mai son ɗaya gefen sai ya rubuta shi da kansa. Na cika rabin shafi da kibiyoyi ina bayani, ni kaina da na karanta na ji kaina ya yi nauyi. Sai na tuna karatun zaure. Alwala sharaɗin sallah ce: wanda ya yi sallah ingantacciya mun san yana da tsarki, amma ganin mutum da alwala ba ya nuna ya yi sallah. Malaman usulu tun tuni sun ce sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke jawo rashi, samuwarsa kuwa ba ta tilasta samuwa. Rabin shafin nan ya koma layi biyu.

Daɗin wannan ya ɗebe ni, na ce bari in ƙarasa. Tunda sharuɗɗan jadawali iri biyu ne, waɗanda ba a karyawa ko kusa, kamar malami ɗaya a aji biyu, da waɗanda ake so amma ana iya haƙura, kamar lissafi da safe, sai na sa musu "wajibi" da "mustahabbi". A ganina ba fassarar da ta kai wannan dacewa. Hajiya ta soke su da jan biro. Ta ce na farko, ba a ɗauko hukuncin shari'a a ɗora wa jadawalin makaranta, kada gobe wani ya ce an ce darasinsa makaruhi ne. Na biyu, a cikin malamanmu akwai Kiristoci huɗu, takarda kuma ta kowa ce. Ta rubuta "dole" da "an fi so" a gefe. Har yanzu ina jin nawa sun fi armashi, amma nata aka buga, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa a kansu. Misalin alwala ta bar shi, da sharaɗin in ƙara na biyu kusa da shi: duk wanda ya shiga ɗakin jarrabawa yana da katin shaida, amma riƙe kati ba ya nuna an shiga.

Wani abin da ya ba ni wahala, ba Hausa ce ta jawo shi ba, su masu fannin ne ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. Ɗauki sharaɗin da ya fi kowane shahara, wanda ke cewa gurabe kaza kada biyu su ɗauki abu ɗaya. A CP-SAT sunansa AddAllDifferent. A Choco, wani injin irinsa na masu yaren Java, allDifferent. A Gecode, na masu C++, distinct. A SWI-Prolog ma biyu ne, all_different da all_distinct, ma'anarsu ɗaya amma na biyun ya fi zurfin bincike. Sharaɗin da ke hana ayyuka biyu hawa kan juna a wuri guda, wanda nake amfani da shi don ɗakin gwaje-gwajenmu guda ɗaya tilo, CP-SAT na ce masa AddNoOverlap, MiniZinc na ce masa disjunctive, Gecode na ce masa unary. Mutum ya koyi abu a wani gida, ya shiga wani gidan ya yi ta nema, ya fita yana cewa babu, alhali yana nan da wani suna. Akwai kundin da Nicolas Beldiceanu da abokan aikinsa suka tara irin waɗannan manyan sharuɗɗa, ɗaruruwa ne, kuma a ƙarƙashin da yawansu sai ka ga an jera sauran sunayen da ake kiransu. Dabarar na ɗauko. A bayan jagorata akwai tebur mai shafi ɗaya: sunan Hausa, sunan da ke cikin lambobin, da sunayen da za a gani idan an fita waje bincike. Tun da OR-Tools ya ƙara salon rubuta sunaye da ƙananan baƙaƙe a Python, kamar add_all_different, na ƙara wa teburin layi, don ƙanina ya zo yana tambaya ko abubuwa biyu ne.

A kan wannan sharaɗi ne kuma na yi rubutun da na fi alfahari da shi, ko da yake na san mutum biyu kaɗai suka karanta. Tambayar ita ce, me ya sa za a yi amfani da babban sharaɗi guda, maimakon a ce wannan kada ya yi daidai da wancan, a bi su biyu-biyu? Ai ma'ana ɗaya ce. Ga misalin da na bayar. Malamai uku na son ɗakin gwaje-gwaje, kowa yini guda. Na farko Litinin ko Talata kawai yake iyawa, na biyu shi ma haka, na uku yana iya Litinin, Talata ko Laraba. Kai da kake karantawa ka riga ka ga na uku Laraba zai ɗauka, don biyun farko sun cinye sauran ranakun tsakaninsu. Amma in biyu-biyu ake dubawa ba a gani: na uku da na farko ba su da matsala, na uku da na biyu ma haka. Sai an kalli ukun a tare. A 1994 Jean-Charles Régin ya fitar da hanyar yin wannan kallo na bai ɗaya cikin sauri, kuma Gecode har zaɓi yake ba ka na zurfin da kake so, IPL_VAL, IPL_BND ko IPL_DOM. Wannan aiki na cire zaɓin da ba zai taɓa yiwuwa ba tun kafin a fara gwaji, shi na kira "tankaɗe". Kowane sharaɗi rariya ne, wata mai manyan ido wata mai ƙanana. Mai ƙananan ido ta fi tacewa, ta kuma fi cin lokaci. Abin da ya rage bayan tankaɗe shi ake gwadawa, in an ci tura a koma baya. Da na karanta wa Hajiya wannan sai ta ɗaga magoginta ta ce, "Wannan ai shi nake yi tun kana firamare."

Nan ne ma na fahimci jagora ɗaya ba ta ɗaukar mutum biyu. Hajiya ba ruwanta da rariya, so take ta san inda za ta rubuta cewa 'yan bautar ƙasarmu ba sa zuwa ranar hidimar al'ummarsu. Ƙanina kuwa, da nake fatan ya gaji lambobin, rariyar yake so. Masu Gecode, marigayi Christian Schulte da abokansa, sun raba babbar jagorarsu haka: sashen mai son tsara matsala daban, sassan mai son ƙera sababbin kayan ciki daban. Na bi sahunsu a ƙaramin mataki. Ta Hajiya shafi 6 ce, kowane shafi tambaya guda da ta taɓa yi mini da bakinta. Ta ƙanina ta fi tsawo kuma ta fi muni.

Shafin da ya fi kowane amfani shi ne na abin yi idan da gaske babu. Zangon da ya wuce mun sami INFEASIBLE na ainihi, kuma na kwana biyu ban ga dalili ba. Ga shi kuwa a fili. Malamin fiziks na wucin gadi ne, Talata da Alhamis kawai yake zuwa. Manhajar karatu ta ce fiziks sau uku a mako. Mu kuma muna da dokar kada darasi ɗaya ya zo wa aji sau biyu a yini. Kowanne cikin ukun mai hankali ne, haɗuwarsu ce ba ta yiwuwa: darasi uku, rana biyu. Injin bai nuna ko ɗaya da yatsa ba, kalma ɗaya ya faɗa ya yi shiru. Daga baya na koyi amfani da AddAssumptions tare da SufficientAssumptionsForInfeasibility, waɗanda ke dawo maka da rukunin sharuɗɗan da suka isa su rufe hanya. A nan ma sai da na yi hattara da harshe. Sunan ya ce sun isa, bai ce su ne mafi ƙaranci ba, bai kuma ce su kaɗai ne masu rikici ba. Da farko na rubuta "Ga masu laifi". Na goge, domin a jerin akwai sunan malami, kuma na san yadda ofishin malamai yake da ɗaukar magana. Yanzu cewa yake "Waɗannan ba sa zama tare, sassauta ɗaya ki sake gwadawa".

Ka lura a sakin layin da ya wuce na ce "manhajar karatu". Wata ƙaya ke nan. A rediyo da intanet manhaja ita ce abin da ake sa wa waya ko kwamfuta, a makaranta kuwa manhaja ita ce tsarin abin da za a koyar. Jagorata tana magana a kan duka biyun, wani lokaci a jimla ɗaya. Na bar "manhaja" ga karatu, ɗayar kuma na bi bakin malamai, tunda tuni suna ce mata "injin Malam".

Akwai ƙananan abubuwa da ban taɓa zaton sai an rubuta ba. Cewa CP-SAT cikakkun lambobi kawai yake ci, don haka makin "an fi so" daga 1 zuwa 10 ne, ba rabi. Cewa in ka danna yau ka danna gobe kana iya samun jadawali biyu daban, duka daidai, saboda injin kan saki ma'aikata da yawa, wato hanyoyin bincike daban-daban, su yi tsere a lokaci guda. Wannan ya tayar wa Hajiya da hankali ƙwarai, ta ce abin da ba ya magana ɗaya ba a ba shi amana. Na ƙara AddHint don ya fara lalube daga tsohon jadawali, na kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan shawara ce ake ba shi, ba umarni ba, yana iya kauce mata. Ga masu Choco kuma na ga wani tarko da ya sa na tausaya musu: ka rubuta sharaɗi tsaf, in ba ka bi shi da post ba, bai shiga lissafi ba. Na duba nawa laburaren, na tarar ina da irinsa, wani shafin Excel da in an bar kansa fanko ake tsallake shi shiru. Na gyara lambobin maimakon in rubuta gargaɗi.

Kalma ɗaya ta gagare ni har yau, wadda ake kiran gurabe da zaɓinsu da sharuɗɗansu idan an haɗa su wuri guda kafin a miƙa wa injin, wato "model" a Turanci, abin da CpModel ke riƙewa. "Samfuri" na kayan kasuwa ne. "Siffa" ta yi kusa amma ba ta kama ba. "Tsari" kuwa na riga na yi amfani da shi a wurare uku da ma'ana uku. Ƙanina ya ce a rubuta "modal" a huta, Hajiya ta ce ba ta san shi ba. A bugun da ke kan teburinta yanzu na bar wurin da ɗigo-ɗigo, ita kuma ta rubuta "takardar buƙata" da fensir a samansa. Ranar Litinin za a kawo mana sababbin 'yan bautar ƙasa biyu, ɗaya ba ya jin Hausa, kuma shi ta ce za ta danƙa wa shigar da sunaye.